Marie-Philip Poulin: Tsakanin Ajin Jami'a da Zinaren Olamfik



Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar da sanyi ke daskarar da tafki har yara su yi tsere a kansa. Za mu yi magana a kan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda aka fi sani da hoki, kuma ɓangaren mata za mu leƙa, mu bi sawun wata 'yar Kanada mai suna Marie-Philip Poulin.

Ga abin da ya sa na zaɓe ta. Daga 2010 zuwa 2022, matan Kanada sun kai wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta lokacin hunturu sau huɗu a jere, kuma duk da Amurka suka kara. A wasannin nan huɗu Kanada ta zura ƙwallo 10 a raga. Bakwai daga ciki Poulin ce ta ci. Kafin ita ba a taɓa samun wani ɗan wasan hoki, namiji ko mace, da ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na Olamfik har guda huɗu ba. Wannan shi ne labarin da kowa ke bayarwa, kuma ya cancanci a ba da shi. Amma Olamfik sai bayan shekara huɗu take zagayowa, kuma mako biyu ne a tashi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sauran kwanakin: ina take, wa ke horar da ita, wa ke ɗaukar nauyinta, sa'ad da aka naɗe tutoci 'yan jarida suka watse?

Bari mu ɗan zana filin tukuna, don mai sauraro ya gan shi a zuci. Daɓen ƙanƙara ne mai santsi, tsawonsa kimanin mita 60, an kewaye shi da katanga. 'Yan wasa na sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, da su suke sulalewa da gudu. Ƙwallon nasu ba mulmulalle ba ne, faifan baƙar roba ne mai tauri, girmansa bai wuce na masa guda ba. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron raga. Ana yin zango uku, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, 'yar wasa ba ta cika yin fiye da minti ɗaya a ciki ba, sai ta fito wata ta faɗa, wasa bai tsaya ba. Wadda ta yi laifi za a zaunar da ita a bencin horo na minti biyu, 'yan ƙungiyarta su yi ta fama a ragewarsu. In kuma lokaci ya ƙure ana bin ƙungiya ci, koci kan cire mai tsaron raga ya sa ƙarin 'yar gaba, ya bar ragarsa a wangale. A riƙe waɗannan biyun na ƙarshe, za su yi mana amfani in mun isa Sochi.

An haifi Poulin ranar 28 ga Maris, 1991, ta tashi a Beauceville, wani ƙaramin gari a bakin kogin Chaudière a lardin Kebek, inda Faransanci ne harshen gida da na kasuwa. Ta fara da rawar zamiya a kan ƙanƙara, irin wadda aka saba tura 'yan mata, ba ta yi mata ba, ta koma hoki tana bin sawun yayanta. Da maza ta yi ta bugawa har ta zama budurwa, don ƙungiyar mata mai ƙarfi babu ita a kusa. Tana shekara 10 ta kalli matan Kanada sun doke Amurka 3 da 2 a wasan ƙarshe na Salt Lake City a 2002. A tuna fa, a lokacin wasan mata bai daɗe da shiga Olamfik ba. Sai a 1998, a Nagano ta Japan, aka fara, kuma Amurka ce ta ɗauki zinaren farko.

Tana shekara 16 ta bar gida ta koma Montreal, ta shiga makarantar da ake koyarwa da Ingilishi, harshen da ba ta iya ba, tana kuma buga wa ƙungiyar manya ta Montreal Stars. A kakarta ta farko aka zaɓe ta gwarzuwar sababbin shiga. A 2009 har ta sa rigar babbar ƙungiyar Kanada a gasar duniya da aka yi a Finland.

Sai Vancouver, ranar 25 ga Fabrairu, 2010. A gida ake gasar, kuma a Kanada hoki ba abin wasa ba ne. Poulin ce auta a ƙungiyar, shekararta 18, a cikin manya irin su Hayley Wickenheiser da Caroline Ouellette da Jennifer Botterill. A zangon farko ta ci ɗaya, ba a yi minti uku ba ta ƙara. Daga nan ba wanda ya sake ganin raga, mai tsaron gida Shannon Szabados ta hana Amurka sakat, aka tashi 2 da nema.

To, a nan nake so mu dakata. Da namiji ne ɗan shekara 18 ya yi wannan aiki, da kafin gari ya waye manyan ƙungiyoyin gasar NHL sun yi layi, ana zancen miliyoyin daloli. Ita kuwa babu ƙungiya ko ɗaya a Arewacin Amurka da za ta iya biyanta albashi, don babu gasar mata mai biyan albashi a wancan lokaci. Wuri ɗaya ne kawai mace za ta samu filin atisaye kullum, da koci na dindindin, da likita, da ɗakin motsa jiki, da wasanni sama da 30 a kaka: jami'o'in Amurka. Can ta nufa. A ƙarshen 2010 ta shiga Jami'ar Boston a matsayin 'yar aji ɗaya, da lambar zinare a akwati.

Me ya sa jami'o'in Amurka ke kashe kuɗi a kan wasan da ba ya kawo musu riba? Amsar tana cikin wata doka ta 1972, wato Sashe na Tara na gyaran dokar ilimi, wadda shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu. Abin da ta tanada a taƙaice shi ne, duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon nuna bambanci tsakanin mace da namiji a harkokinta. Da aka zo aiwatarwa, sai ta hau kan wasanni. Jami'ar da ke zuba dukiya a ƙungiyoyin maza ta ga dole ta buɗe wa mata ƙofa, ta ba su gurabe da tallafin karatu. An ɗauki shekaru ana jan ƙafa, ana zuwa kotu. Amma zuwa 2001 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara gasar hoki ta mata ta ƙasa baki ɗaya, Jami'ar Minnesota Duluth ta lashe uku na farko da 'yan wasa daga Kanada da Sweden da Finland. Ita kanta ƙungiyar matan Jami'ar Boston sai a 2005 ta zama cikakkiya, ƙarƙashin koci Brian Durocher. Wato sa'ad da Poulin ta iso, ƙungiyar ba ta fi shekara biyar da kafuwa ba.

Ku duba wannan al'amari da kyau: dokar Amurka ce, kuɗin jami'o'in Amurka ne, amma ta raini 'yar Kanadar da ta fi kowa sa Amurkawa kuka. Kuma ba ita kaɗai ba. Yawancin taurarin Kanada na zamaninta ta wannan hanya suka biyo.

Tsarin yana da sharuɗɗa. Kaka huɗu kawai aka yarda ɗaliba ta buga. Dole ta kasance cikakkiyar ɗaliba, dole ta ci jarrabawa, in makinta ya faɗi a ajiye ta a benci. A zamanin Poulin ba a biyan ko sisi a matsayin albashi, ladan shi ne kuɗin makaranta da ɗaki da abinci. Ita ilimin halayyar ɗan'adam ta karanta, da Ingilishin da ta koya da girmanta.

Kakarta ta farko aka zaɓe ta gwarzuwar sababbin shiga a rukunin Hockey East, kuma ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a karon farko a tarihinta, a Maris 2011, a garin Erie na jihar Pennsylvania. Su wa ta tarar a can? Jami'ar Wisconsin, da Meghan Duggan da Hilary Knight, waɗanda ta doke a Vancouver shekara guda kafin nan, kuma kocinsu Mark Johnson, mutumin da ya jagoranci Amurka a wancan wasan. Suka rama, 4 da 1. Shekara ta biyu mummunan rauni ya kwantar da ita, ta rasa fiye da rabin kakar. A 2013 suka sake kaiwa wasan ƙarshe, suka yi karo da Jami'ar Minnesota wadda ta buga wasa 41 a kakar ta ci 41, ga Amanda Kessel a gaba, ga Noora Räty 'yar Finland a raga. Aka ci Boston 6 da 3.

Abin da ya sa na tsaya a kan waɗannan shan kashi biyu shi ne, su ne makarantar. A ƙungiyar ƙasa Poulin ɗaya ce cikin taurari. A Boston ita ce abin dogaro, ita ake sa wa ido, ita abokan hamayya ke shirya wa tarko kowane ƙarshen mako. Ita ake turawa in an samu rinjayen mutum, ita ake turawa in an rage musu mutum, ita ke komawa baya ta tare. Masu bin wasanta sun sha faɗi cewa aikinta na tsaro da ƙwace ƙwallo bai gaza na cin raga ba, kuma irin wannan ba a koyonsa a sansanin mako biyu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ta saba ɗaukar nauyin ƙungiya a daren Juma'a a ƙaramin filin Walter Brown, gaban 'yan kallo ƙalilan, ita ce hannunta ba ya rawa in duniya ta zuba ido.

A kakar 2013 zuwa 2014 ta jingine karatu ta koma Calgary, inda Kanada ke tara 'yan wasanta wata da watanni kafin Olamfik. Shekarar ba ta zo musu da sauƙi ba. Koci Dan Church ya ajiye aiki a Disamba, saura wata biyu a fara gasa, aka kawo Kevin Dineen. Amurka ta yi ta lallasa su a wasannin share fage.

Ranar 20 ga Fabrairu, 2014, a Sochi ta ƙasar Rasha. Duggan ta ci wa Amurka a zango na biyu, Alex Carpenter ta ƙara a na uku. Saura ƙasa da minti huɗu, 2 da nema, 'yan Amurka a benci har sun fara miƙewa tsaye. Saura minti 3 da daƙiƙa 26 Brianne Jenner ta buga, ƙwallon ya goga jikin 'yar bayan Amurka ya karkace ya shiga. Dineen ya cire mai tsaron raga. Nan fa abin da har yau ake zancensa ya faru. Wata mai taimaka wa alƙaliya ta yi karo da 'yar bayan Kanada Catherine Ward a bakin layi, ƙwallon ya kuɓuce, Kelli Stack ta Amurka ta make shi tun daga ɓangarensu. Faifan nan ya yi ta sulalewa shi kaɗai, tsawon fili, ya nufi ragar da babu kowa a cikinta, 'yan wasa na bin sa da ido don ba mai iya cim masa. Ya je ya daki turken raga, ya tsaya a waje. Da ya gusa da faɗin yatsa biyu, da labarinmu na yau ya sauya.

Saura daƙiƙa 55, Rebecca Johnston ta turo ƙwallo daga bayan raga, ya taɓa sandar mai tsaron gida Jessie Vetter ya faɗo gaba, Poulin na nan, ta tura shi ciki. Aka tafi ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci ya gama. Wickenheiser ta ɓalle ita kaɗai ta nufi raga, Knight ta biyo ta a baya ta kayar da ita, aka tura Knight bencin horo. Kanada na da huɗu, Amurka uku. Laura Fortino ta yi kamar za ta buga, ta zame ta miƙa wa Poulin a hagu, ita kuwa ta aika shi raga kafin Vetter ta juyo. Minti 8 da daƙiƙa 10 da shiga ƙarin lokaci, 3 da 2.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba a wannan dare: Ward da aka yi karo da ita tsohuwar abokiyar wasan Poulin ce a Jami'ar Boston. Stack da ta daki turke, da Carpenter da ta ci na biyu, 'yan Kwalejin Boston ne, babbar abokiyar hamayyarsu, makarantu biyu a kan titi ɗaya. Duggan da Knight da Vetter 'yan Wisconsin ne, Jenner da Johnston da Fortino 'yan Cornell. Tutoci biyu ne a sama, amma a kan ƙanƙarar ɗaliban jami'o'in Amurka ne ke ci gaba da tsohuwar rigimarsu.

Bayan wannan sai me? Sai ta koma aji. Mace mai zinare biyu, wadda ta ci ƙwallon nasara a duka biyun, ta ɗauki jakar littattafai ta ƙarasa shekararta ta ƙarshe a matsayin kyaftin. A Maris 2015 suka doke Kwalejin Boston 4 da 1 suka ɗauki kofin Hockey East. Ta kammala da ƙwallo 81 da taimako 100, maki 181 ke nan, wanda a lokacin babu wadda ta taɓa kaiwa a makarantar. Kofin ƙasa dai bai zo hannunta ba. Kyautar Patty Kazmaier, ta gwarzuwar 'yar wasan jami'a, ita ma ta shiga ukun ƙarshe, aka ba Carpenter. Ni a ganina wannan ba tabo ba ne a tarihinta, shaida ce ta irin zurfin da gasar jami'o'in ta yi, har za a ce wadda ta fi kowa a Olamfik ta fita ba ta ɗaga kofinta ba.

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan hanya ta yi nisa da mu. A Olamfik ta hunturu ta 2018, karon farko da Najeriya ta halarta, matan nan uku da suka tuƙa keken ƙanƙara, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, duk 'yan tseren jami'o'in Amurka ne, biyu daga Houston, ɗaya daga Minnesota. Tobi Amusan ma ta Jami'ar Texas da ke El Paso ta bi kafin ta kafa tarihin duniya a 2022. Doka ɗaya ce ta buɗe musu ƙofar.

Yanzu mu zo ɓangaren da ke ɓata mini rai. A 2015 Poulin ta gama makaranta tana shekara 24, ganiyar ƙarfin ɗan wasa, an kuma naɗa ta kyaftin ɗin Kanada. Ta koma Montreal, ƙungiyar da aka sauya wa suna zuwa Les Canadiennes, a gasar CWHL, inda ba a biyan albashi. Ita da 'yan ƙungiyar ƙasa suna da ɗan alawus daga gwamnati da hukumar hoki, da 'yan tallace-tallace. Sauran abokan wasanta kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis da ɗalibai, sai sun tashi daga aiki su zo atisaye da daddare, sau biyu ko uku a mako. Wadda ta saba da atisayen kullum a jami'a, ta gama digiri ta faɗo ƙasa. Mata nawa masu hazaƙa suka rataye takalma suna shekara 22 saboda haka, ba wanda ya ƙirga. Sai a 2017 gasar ta fara ba da ɗan ihisani, daga dalar Kanada 2,000 zuwa 10,000 a kaka gaba ɗaya. A Amurka an buɗe wata gasa a 2015 mai biyan albashi, shekara guda da 'yan watanni ta zaftare shi. A Maris 2017 sai da matan ƙungiyar Amurka suka yi barazanar ƙaurace wa gasar duniya da za a yi a ƙasarsu kafin hukumarsu ta gyara musu alawus.

A fili ma shekarun sun yi wa Kanada ɗaci. Amurka ta lashe gasar duniya a 2013 da 2015 da 2016 da 2017. A PyeongChang ta Koriya ta Kudu, a Fabrairun 2018, Poulin ta ci ƙwallon da ya sa Kanada gaba 2 da 1, Monique Lamoureux-Morando ta farke, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Poulin ta buga nata, Maddie Rooney 'yar shekara 20 ta tare. Jocelyne Lamoureux-Davidson ta yaudari Szabados ta ci na nasara, zinare ya koma Amurka bayan shekara 20. A 2019 abin ya ƙara muni: ciwon gwiwa ya hana Poulin taka rawa, Finland ta fitar da Kanada a wasan kusa da na ƙarshe a Espoo, suka dawo da tagulla. A daidai wannan lokaci gasar CWHL ta sanar da rufewa, ta daina aiki ranar 1 ga Mayu.

Abin da 'yan wasan suka yi bayan nan, a wurina, ya kai nauyin kowace lambar zinare. Sama da mata 200, har da Poulin da Knight da Kendall Coyne Schofield, waɗanda a kan ƙanƙara ba sa ga maciji da juna, suka haɗa kai suka ce ba za su buga wa kowace gasa a Arewacin Amurka ba sai an kafa wadda za ta biya albashin da mutum zai rayu da shi, da inshorar lafiya. Suka kafa ƙungiyarsu ta PWHPA, suka riƙa yawo gari gari suna wasannin baje koli. Shekara huɗu aka yi a haka. Akwai waɗanda suka soki matakin, suna cewa gara a ƙarfafa gasar Amurka da ke raye, kuma maganarsu ba ta rasa hujja ba, don matan da suka zauna a waccan gasa su ma sun yi ta ɗaga albashinta. Amma a dubi abin da Poulin ta sa a faifai: daga shekara 28 zuwa 32, shekarun da ba sa dawowa ga ɗan wasa, ba ta da ƙungiyar gari, ba ta da kaka, ba ta da kofin da take nema.

Duk da haka a cikin waɗannan shekaru ne ta sake ɗaga Kanada. Annobar korona ta sa aka soke gasar duniya ta 2020, aka ɗage ta 2021 zuwa Agusta a Calgary, babu 'yan kallo. A wasan ƙarshe aka tafi ƙarin lokaci ana 2 da 2. Jenner ta miƙo mata, ta buga da ƙarfi, ƙwallon ya daki ƙarfen sama ya faɗa ciki ya fito da saurin da alƙalai ba su gani ba. Ta ɗaga hannu, aka ce a ci gaba. Sai da masu duba bidiyo suka busa ƙaho aka tsayar da wasa. Zinaren gasar duniya na farko ke nan ga Kanada tun 2012. Wata shida bayan haka, a Beijing, ita ta riƙe tutar ƙasarta a bikin buɗewa tare da Charles Hamelin, sannan ranar 17 ga Fabrairu, 2022, ta ci biyu a nasarar 3 da 2. Ɗaya ƙwallon Sarah Nurse ce ta ci, tsohuwar ɗalibar Wisconsin wadda mahaifinta ɗan asalin Trinidad ne, baƙar fata ta farko da ta samu zinaren hoki na mata a Olamfik, ta kuma kafa tarihin maki 18 a gasa guda. A ƙarshen shekarar aka ba Poulin kyautar gwarzon ɗan wasan Kanada ta Northern Star, karon farko da 'yar hoki ta karɓa.

Akwai ƙorafin da ake yi wa wannan wasa, kuma bai kamata a kau da kai ba: ƙasa biyu ne ke rabon zinare. A Vancouver Kanada ta ci Slovakia 18 da nema, har shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Jacques Rogge, ya yi gargaɗin cewa wasan ba zai ɗore a gasar ba in sauran ƙasashe ba su matso ba. Gaskiya ne tazarar tana nan. Amma a duba su wa ke rage ta. Räty da ta tsare ragar Finland ranar da suka fitar da Kanada, a Minnesota ta goge. Alina Müller, wadda ta ci wa Switzerland tagulla a Sochi tana shekara 15, Jami'ar Northeastern ta tafi, a birnin Boston. Jamhuriyar Czech da ta ɗauki tagullar gasar duniya a 2022 da 2023 tana da 'yan wasa da dama da suka bi ta jami'o'in Amurka. Maganin tazarar ba korar wasan ba ne, a ba 'yan matan wasu ƙasashe irin filin da aka ba Poulin.

Jiran na shekara huɗu ya ƙare a 2023. Attajiri Mark Walter, mai ƙungiyar Los Angeles Dodgers, tare da tsohuwar gwanar tanis Billie Jean King, suka sayi gasar Amurkan, aka kafa sabuwa guda ɗaya mai suna PWHL da ƙungiyoyi shida, uku a Kanada uku a Amurka. Tun kafin a buga wasa ko ɗaya aka sa hannu a yarjejeniyar shekara takwas da ƙungiyar 'yan wasa, mafi ƙarancin albashi dalar Amurka 35,000 a shekara. Kuɗin ba su kai abin da ƙaramin ɗan wasan NHL ke samu a wata guda ba, amma albashi ne, da atisayen rana, da likita. Poulin na cikin uku na farko da Montreal ta ɗauka. Aka buɗe gasar ranar 1 ga Janairu, 2024. Ranar 20 ga Afrilu na shekarar, mutum 21,105 suka cika filin Bell Centre na Montreal, adadin da wasan hoki na mata bai taɓa tarawa ba kafin ranar. Toronto ce ta yi nasara 3 da 2, kuma Sarah Nurse, abokiyar zinarenta ta Beijing, ita ta ci Montreal a ƙarin lokaci. A kaka ta biyu, Poulin na shekara 34, ta fi kowa cin ƙwallo a gasar, aka zaɓe ta gwarzuwar shekara.

Sabuwar gasar daga jami'o'i take ɗiban 'yan wasa. Wadda aka fara zaɓa a 2023 ita ce Taylor Heise ta Jami'ar Minnesota, a 2024 kuma Sarah Fillier ta Princeton. Sun gama jarrabawar ƙarshe suka wuce kai tsaye wurin sa hannu a kwantiragi, abin da Poulin ta jira shekara takwas bayan digirinta kafin ta samu.

Nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau.